Kafso A Kaskon Kaji, Allura A Jikin Saniya

Ya kai mai gida, da ke uwargida, ni ma'aikacin asibiti ne a nan ƙasar Kaya, kuma akwai abin da nake gani a gidaje wanda ba ya yi mini daɗi. Kaza ta yi sanyi, sai a ɓare kafso ɗin nan ja da yalo a zuba mata a kaskon ruwa. Saniya ta ƙi kiwo, sai a tafi kasuwar Talata Mafara a sayo kwalba da sirinji, mutum ya tsira mata allura da kansa. Ba a tambayi malamin dabbobi ba, ba a san cutar ba, ba a san awon maganin ba.

To, ka san abin da ke faruwa? A cikin hanjin kowace dabba akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. In ka ba da magani kaɗan, ko ka bari kafin kwanakinsa su cika, raunanan ƙwayoyi su ke mutuwa. Masu ƙarfi su saura, su hayayyafa, kuma maganin ba ya sake cinsu. Su fita cikin kashin dabba, su shiga rijiya, su hau nama da ƙwai da nono, su iso cikin ɗanka. Wata ƙwaya da ake kira Salmonella haka take bi ta kawo zawo da zazzaɓi. Maganin da ka zuba wa kaza kuwa dangin wanda muke ba yara ne a asibiti. Na sha ba yaro magani irin wanda dā yake aiki cikin kwana uku, uwa ta komo da shi bai ji sauƙi ba, dole mu tura su babban asibiti, ga kuɗin mota ga kuɗin gado.

Fleming, Baturen da ya gano fenisilin a 1928, shi da kansa ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Masu bincike sun ƙididdige cewa a 2019 mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da magani ya daina ci. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana ba dabbobi irin wannan magani don ƙiba tun 2006, Nijeriya kuma ta fito da tsarin yaƙi da matsalar a 2017.

Abin takaici, sau da yawa kuɗin a banza ya tafi. Annobar nan da ke share kaji da hunturu, da ɓoru na shanu, kafso ba ya taɓa su ko kaɗan, don ƙwayarsu wata iri ce dabam. Abin da ke tsare kaji shi ne rigakafi, ana kuwa yinsa a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Ka tambayi malamin dabbobi.

Ga inda maganar ta fi nauyi. Ka yi wa sa allura jiya, yau ka ga ba zai tashi ba, sai ka kira mahauci da sauri don kada ka yi hasara duka. Na sani sa dukiya ne, ba na raina wannan. Amma maganin yana nan a naman, maƙwabtanka ne za su ci. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha nono, wani magani kusan wata guda ga nama. In ba ka iya karatun boko, ka sa ɗan makaranta ya karanta maka, ka ɗaura wa dabbar tsumma a ƙaho don kowa a gida ya sani.

Ke kuma uwargida, ki tafasa madara kafin ki kwantar da ita. Nama ya dahu har ciki. Wuƙar da kika gyara kaza da ita kada ta taɓa albasar kwaɗo sai an wanke ta da sabulu, da hannunki duka. Turken awaki kuma a matsar da shi nesa da bakin rijiya tun damina ba ta faɗi ba.