Wa ke da dukiyar da aka tono daga ƙasa?

A Ingila, mutane kan zaga bakin teku da gonaki da na'urar gano ƙarfe domin nishaɗi.

A 2009 wani mutum ya gano tarin zinariya a Staffordshire. Bisa dokar 1996, shi da mai gonar suka raba sama da fam miliyan 3, kayan kuma suka tafi gidan tarihi.

A Najeriya, dokar 1979 ta haramta fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba. Amma gumakan Nok da dama sun ƙare a kasuwannin Turai, maimakon gidan tarihi na titin Ali Akilu a Kaduna.

Muddin ɗan fasa-ƙwauri ya fi hukuma biya, hani kaɗai ba zai wadatar ba.