Saiwa mai zaƙi da zuciyar mai jinyar daji

'Yan uwa marubuta, mun saba sa gwarzon labarinmu ya sha jiƙo ya miƙe garau. A nan kam mu dakata.

Wasu magungunan kemo, irin su doxorubicin, suna kashe ƙwayoyin cutar daji amma suna taɓa zuciya har bugunta ya rikice. A ƙasar Sin akwai masu komawa ga haɗin zhigancao, wanda Zhang Zhongjing ya rubuta kusan shekara 1,800 da suka wuce domin mai bugun zuciya da ke tsallake. Ba mu raina ilimin nan ba. Daga cikinsa likitocin Harbin suka zaƙulo arsenik da ake magance wani nau'in sankarar jini da shi a yau.

Sai dai saiwar gancao, ginshiƙin haɗin, in ta yi yawa tana zubar da sinadarin fotasiyam, kuma ƙarancinsa kansa yana rikita zuciya. Mai shan kemo da ke fama da amai da gudawa ya riga ya yi asararsa. In majinyacin labarinmu zai sha wannan haɗi, mu fara kai shi gaban likitan daji, a auna jininsa, a yi masa ECG, kafin matarsa ta ɗora tukunya.