An ɗauki hoton yatsunmu, to wa ke riƙe da makullin?

Jama'a, ku lissafa sau nawa aka yi muku rajista cikin ƴan shekarun nan. Katin zaɓe, layin waya, taimakon abinci, kuɗin da ƙungiyoyin agaji ke rabawa. Daga Sabon Gari har Tibiri da Jiratawa, da wuya ka tarar da gidan da ba a shigar da sunan wani a waya ba. Ƴan gudun hijirar da suka shigo jihar Maradi daga Zamfara, Sakkwato da Katsina tun 2019 kuwa har yatsunsu an ɗauka. In ka tambaya ina bayanan suke, sai a ce maka suna "gajimare", ka kwantar da hankalinka.

Gajimaren nan kwamfutocin wasu ne, kamar Amazon, Microsoft ko Google, da ake haya. Su ke gadin ginin, amma kulle ɗakin da ka haya aikinka ne. Nan ake yin ɓarnar. A 2017 kamfanin Deep Root Analytics ya bar bayanan masu zaɓe wajen miliyan 198 na Amurka a buɗe cikin ma'ajiyar Amazon. Ba ɓarawon da ya fasa komi, duk mai adireshin sai ya shiga. A 2022 an gano irin haka kusa da mu, a hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato a Najeriya, PLASCHEMA: takardun shaida da hotunan dubban mutane, ko kalmar sirri babu.

Maganin sananne ne, kuma ba shi da tsada. Maimakon ma'aikaci ɗaya ya zauna yana latsa maɓalli yadda ya ga dama, sai a rubuta ƙa'idar tsaron cikin kod: wa ke da izinin karantawa, wa ke iya gogewa, ma'ajiya kaza ba a buɗe ta ga kowa har abada. Manhaja irin Terraform ke gina tsarin daga wannan rubutu, Open Policy Agent kuma ya duba, in canjin ya saɓa ƙa'ida ya hana shi wucewa. Rubutun yana zama cikin Git, inda kowane gyara ke ɗauke da sunan mai shi da ranar da ya yi, kuma ana iya shar'anta cewa sai mutum na biyu ya amince kafin ya hau aiki. Ɗan kasuwar da ke rubuta bashi a littafi ya riga ya san wannan hikimar. Kod ma ana kuskure cikinsa, gaskiya ne, amma kuskuren rubuce yake, mai bincike zai gan shi.

Akwai masu cewa a maido da bayanan Yamai, shi ke nan an huta. Muna son a maido su. Sai dai ƙofar da aka bari a buɗe a Yamai, wanda ke kowace ƙasa zai shiga ta intanet kamar yadda zai shiga ta Faransa. Wasu kuma su ce wannan zancen injiniyoyi ne, mi ya haɗa ƙungiyar farar hula da shi? Haba! Ku tuna mi ke cikin jerin nan: sunan mace, ƙauyenta, lambar wayarta, ranar da za ta amshi kuɗi da ko jaka nawa ne. A yankin da masu satar mutane ke ƙetaro iyaka ta wajen Madarumfa da Gidan Rumji, wannan takarda ta fi bindiga amfani gare su.

Muna da doka. Tun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, aka sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da aka ɗora wa aikin sa ido. Abin da muke nema gare ta shi ne, duk ƙungiya ko ma'aikatar da ke tara bayananmu a gajimare, kada a yarda da "mun tsare" na fatar baki. Ta kawo rubutaccen kod ɗin, da tarihin gyare-gyarensa, da sunayen masu izinin shiga. Masu ba da kuɗin furoje su sa wannan sharaɗi cikin kwangila. Masu unguwa da ake kira su tara jama'a ranar rajista, ku ma kuna da bakin magana: kafin mutanenku su hau layi, ku tambayi shugaban tawagar wa zai iya buɗe jerin nan, kuma yaushe za a goge shi in furoje ya ƙare.