Gadon da alƙali ba ya rabawa

Duk ranar da magidanci ya kwanta dama, da an share makoki sai dangi su zauna lissafi: gida nawa ya bari, gona nawa, me ke cikin kanti, wa ke bin sa bashi, wa yake bi. Alƙali ko malami ya raba, kowa ya ɗauki rabonsa. Amma akwai wani gado da ba ya shiga takarda, ba a kuma kai ƙara a kansa, alhali kuwa sau da yawa shi ya fi nauyi a zuciyar yaro ɗan shekara 12 ko 13. Wannan gado shi ne abin da yaron ya saba yi tare da ubansa, su biyu kaɗai, da la'asar ko bayan an ci abincin dare. Marubutan Amurka masu rubuta ƙagaggun labarai domin samari da ƴan mata sun daɗe da gane haka, kuma da yawansu sukan ɗora zancen a kan wani wasa da ake kira besbol. Filin na wannan sati zai duba littattafai biyu daga cikinsu, domin abin da ke ciki ya wuce wasa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san wasan. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, ya wurga ƙwallon fata mai tauri, wadda girmanta bai wuce lemu ba, zuwa ga abokinsa mai cafka da ke tsugune nesa da shi da kamar mita 18. A tsakaninsu akwai mai bugu na abokan hamayya, riƙe da kulki, yana neman ya make ƙwallon ya kuma zagaya zango huɗu a guje kafin a mayar da ita. A babbar gasar ƙasar, kowace ƙungiya tana yin wasa 162 daga ƙarshen watan Maris zuwa ƙarshen Satumba, wato kusan kullum. Shi ya sa wasan ya zama kamar abincin yau da gobe: uba da ɗa su saurare shi a rediyo ko su kalle shi a tele, sa'an nan su fita tsakar gida, kowa da safar hannu ta fata, wannan ya jefa wancan ya cafke, ba tare da doguwar magana ba. Ƙungiyar da uba yake goyon baya, galibi ita ɗa yake tashi da ita har tsufansa. To, ranar da uban ya rasu, wa zai cafke ƙwallon?

Littafi na farko sunansa Heat, ma'ana zafi, kuma ya fito a shekarar 2006. Marubucinsa Mike Lupica sanannen ɗan jaridar wasanni ne a birnin Niyu Yok. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 12, Michael Arroyo, wanda ubansa ya fito da shi da wansa Carlos daga ƙasar Kuba, suka zauna a unguwar Bronx, dab da filin ƙungiyar Yankees. Allah ya hore wa yaron dantse: jifarsa tana kai gudun kilomita kusan 130 a awa, abin da ba a saba gani ba ga tsararsa. Uban, wanda suke kira Papi, shi ya koya masa jifa, shi kuma ya dasa masa burin zuwa garin Williamsport, inda ake yin babbar gasar yara ta duniya tun shekarar 1947.

Sai dai tun kafin labarin ya soma, Papi ya rasu da ciwon zuciya, uwar yaran kuwa ta daɗe da rasuwa. Carlos shekararsa 17, saura ƴan watanni ya cika 18, shekarun da doka ta yarda mutum ya riƙe kansa da ƙanensa. Idan hukumar kula da yara ta ji labari kafin lokacin, tana iya raba su, a kai kowa gidan riƙo dabam, ko ma a mayar da su inda suka fito. Saboda haka suka ɓoye mutuwar. Duk wanda ya tambaya sai su ce uban ya yi tafiya jinyar ɗan'uwa. Carlos yana aiki wuri biyu don biyan kuɗin haya. Ba wanda ya san gaskiya sai ƴan tsiraru, cikinsu da wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Cora, da Manny, abokin Michael kuma mai cafkar jifarsa.

A nan ne marubucin ya taɓo abin da ya fi ciwo. Maraya da aka yi wa ta'aziyya ya sami sauƙi, ko yaya ne, domin jama'a sun ɗauke masa wani kaso na nauyin. Michael kuwa ba shi da ikon yin kuka a gaban kowa. Dole ya yi ta maganar ubansa kamar mai rai, ya karɓi gaisuwar da aka ba shi ya kai masa. Wuri ɗaya kawai ya rage inda yake saduwa da uban ba tare da ƙarya ba, wato kan tudun jifa, inda kowane motsin hannunsa koyarwar Papi ce. Sai ga shi wannan wuri ma an hana shi. Masu horar da ƙungiyoyin hamayya, da suka ga yaransu sun kasa taɓa ƙwallonsa, suka rubuta ƙara cewa ya wuce shekara 12. Hukumar gasa ta ce ba zai sake wasa ba sai ya kawo takardar haihuwa. Takardar tana Kuba, wanda zai nemo ta kuwa yana kabari, kuma ba dama a faɗa.

Wannan zargi ba daga iska marubucin ya ɗauko shi ba. A shekarar 2001 wata ƙungiyar yara daga ita wannan unguwa ta Bronx ta je Williamsport da wani mai jifa, Danny Almonte, haifaffen Jamhuriyar Dominikan, wanda a wasa ɗaya ya fuskanci masu bugu 18 ba ko ɗaya da ya kai zangon farko. Bayan gasa bincike ya nuna cewa a 1987 aka haife shi, ba a 1989 ba, wato shekararsa 14. Aka soke duk nasarorin ƙungiyar. Laifin na manya ne, amma tun daga lokacin duk yaro baƙo mai hazaƙa ya zama abin tuhuma. Lupica ya juya al'amarin: ga yaro mai gaskiya, amma ba shi da shaida. Ma'aikacin da ya taɓa zama a biro, aka zo masa da yaron da jarrabawa ta matso ba shi da takardar haihuwa, ya san yadda ƴar takarda guda take iya tsayar da rayuwa cak.

Cikin wannan ƙunci ne wata yarinya, Ellie, ta soma zuwa bakin fili tana kallonsa daga nesa. Ita ma ƴar Kuba ce, ita ma ta iya jifa. Soyayyar tasu ba ta wuce hira da jefa ƙwallo da faɗuwar gaba ba, kamar yadda ya dace da shekarunsu. Abin da ya ba ta ma'ana shi ne, kowannensu yana ɓoye sirri game da ubansa. Shi yana ɓoye cewa nasa ya mutu. Ita tana ɓoye cewa nata shi ne El Grande, babban mai jifar Yankees, gwarzon da Michael yake sauraron wasansa kamar ransa. Masu bin wasan a Amurka ba su rasa ganin kamanni tsakanin wannan El Grande da Orlando Hernández ba, wanda ya tsere daga Kuba ta teku a watan Disamba na 1997 ya shiga Yankees a 1998. Da gaskiya ta fito, Michael ya ji haushi, yana ganin an yi masa rufa-rufa, ya manta shi ma rufa-rufar yake yi. Daga ƙarshe El Grande ne ya yi amfani da sanayyarsa aka samo takardar, yaron ya yi jifa a cikin filin da a da sai dai ya hango bangonsa daga waje.

Littafi na biyu ya fito a 2009, na Mick Cochrane, malamin jami'a a birnin Buffalo. Sunansa The Girl Who Threw Butterflies, wato yarinyar da ke jefa malam-buɗe-littafi. Molly Williams ƴar lakwal ce, ubanta ya rasu a haɗarin mota wata shida kafin soma labarin. Ita babu hukumar da take gudu, kowa ya san an yi mata rasuwa, amma hakan ma wata wahala ce: a lakwal ana kallonta da tausayi, a gida kuwa uwarta ta shige cikin shiru, su biyu suna zaune kamar baƙin juna. Abin da uban ya bar mata shi ne wata irin jifa ta musamman. Ana riƙe ƙwallon da kan yatsu, a sake ta ba tare da ta juya ba, sai iska ta riƙa kaɗa ta hagu da dama kamar malam-buɗe-littafi. Ba ta da gudu, amma mai bugu bai san inda za ta bi ba, mai cafka bai sani ba, kai, ko mai jifar ma bai sani ba.

Molly ta bar wasan da ƴan mata suka saba yi, ta nemi shiga ƙungiyar maza. Wasu yaran suka yi ta tsangwamarta. Wanda ya yarda ya tsuguna ya cafki wannan jifa mai wuyar kamu shi ne Lonnie, yaro mai shiru, mai son zane. A nan ma soyayya ba ta zo da ganga ba. Ta zo ne a matsayin mutum na farko bayan uban da ya tsaya a ɗaya gefen ya ce: jefo. Hikimar littafin tana cikin jifar kanta, domin ba a iya yi mata dole. Wanda ya matse ƙwallon da ƙarfi ya ɓata ta, sai wanda ya saki hannu. Haka yarinyar ta koyi zama da tambayoyin da mutuwar ubanta ta bari, waɗanda ba mai amsa mata su.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙirƙirar marubuta ce kawai. Ƙungiyar Cubs ta birnin Shikago ta ci kofin ƙasa a 1908, ba ta sake ci ba sai a farkon watan Nuwamba na 2016, lokacin da ta doke Cleveland da ci 8 da 7 a wasan ƙarshe. Shekara 108 ke nan. An haifi mutane, suka tsufa, suka mutu suna jira. A kwanakin nan dubban magoya baya suka je filin ƙungiyar da alli a hannu, suka cika bangonsa da sunayen iyaye da kakanni da ba su ga ranar ba, wasu kuma suka kai huluna da tutocin ƙungiyar maƙabarta. Dattawa masu furfura suka yi ta kuka a titi, kuma kowa ya san ba don kofi suke yi ba.

Littattafan ba su rasa aibi ba. Ƙarshen Heat ya yi daɗi fiye da yadda duniya take, domin ba kowane maraya ne yake dacewa da ɗiyar attajirin ɗan wasa da zai warware masa matsala ba. Da yawa takardarsu ba ta zuwa, shekarun gasa su wuce su. Wanda ya fi kowa wahala a labarin ma, wato Carlos, da ya zama uba yana ɗan shekara 17, bai sami rabonsa na shafuka ba. Littafin Cochrane ya fi kusa da gaskiya ta wannan fuska, don bai yi alkawarin cewa nasarar wasa tana warkar da rashi ba. Ko wuraren da labari ya faru ba su tabbata ba: an rufe tsohon filin Yankees a 2008, sabon da aka buɗe a 2009 kuma an gina shi ne a kan dandalin Macombs Dam, inda yaran unguwa irin su Michael suke wasa.

Duk da haka, abin da littattafan biyu suka haɗu a kai ya cancanci a riƙe shi. Yaro ba ya makoki irin na manya. Ba ya zama kan tabarma ya karɓi gaisuwa, kuma idan aka tambaye shi yaya haƙuri, amsar da aka koya masa zai bayar. Makokinsa yana cikin abin da yake maimaitawa. Babba mai riƙon maraya, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, yakan ga ya sauke nauyi idan ya ciyar, ya tufatar, ya biya kuɗin lakwal, kuma lalle wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma idan ya ga yaron ya nace wa wani abu da ya zama kamar shirme, ko ƙwallo, ko tsohuwar rediyo, ko zuwa wani wuri a wani lokaci na yini, kafin ya tsawata ya kamata ya bincika da wa yaron ya saba yin abin. Mai yiwuwa iyakar abin da ya rage masa ke nan daga ubansa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na maraya kuwa, wani lokaci sai a tambayi hannunsa, a ga abin da ya ƙi saki.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya yarda.