Sharhi: Tasirin Ian Foster da tambayar wanda zai riƙa kula da hanyoyin bayanan kimiyya

Cibiyar binciken nukiliya ta Turai, CERN, da ke kusa da birnin Jeniba, tana shirin inganta babbar na'urarta mai karo da ƙwayoyin zarra, wadda ke cikin ramin ƙasa mai kewayen kilomita 27. Ana sa ran sabuwar na'urar za ta soma aiki wajen shekarar 2030, kuma za ta tara bayanai kusan ninki goma na waɗanda aka tsara ta farko ta tara. Babu wata kwamfuta guda a duniya da za ta iya ɗaukar wannan kaya, shi ya sa hankali ya sake komawa kan aikin Farfesa Ian Foster na Jami'ar Chicago da Cibiyar Bincike ta Argonne a Amurka, wanda ake yi wa laƙabi da uban girid.

Foster, haifaffen ƙasar New Zealand a 1959, ya yi digirin digirgir a Kwalejin Imperial ta Landan. A 1995 ya jagoranci rubuta manhajar wani gwaji mai suna I-WAY, wanda ya haɗa cibiyoyin kwamfuta 17 na Arewacin Amurka na 'yan kwanaki. Daga wannan gwaji ne shi da Carl Kesselman da Steve Tuecke suka kafa aikin Globus.

Tunanin nasu ya samo asali ne daga layin wutar lantarki na ƙasa: mai kunna fitila ba ya tambayar wace tasha ce ta samar da wutar. Sai dai abin da ya fi ba su wahala shi ne amana, domin haɗa wayoyi abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta. Jami'a a Jamus ba za ta buɗe wa baƙon da ba ta sani ba ƙofar na'urorinta, kuma ba za ta miƙa ikonta ga wata cibiya ba. Manhajar Globus ta warware wannan ta hanyar ba kowane mai bincike takardar shaida ta lantarki guda ɗaya da dukkan cibiyoyi suka yarda da ita, tare da ƙa'idar GridFTP mai jigilar manyan fayiloli ta hanyoyi da dama lokaci guda, wadda kuma take ci gaba daga inda aka tsaya idan layi ya yanke.

An ga amfanin haka ranar 4 ga Yulin 2012, lokacin da CERN ta sanar da gano ƙwayar Higgs. An tace bayanan ne a tsarin girid na duniya, wanda a yau ya ƙunshi cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe sama da 40.

A al'adar jami'o'i, ana auna malami da yawan ambaton da takardunsa suka samu, kuma ta wannan ma'auni Foster yana sahun gaba a fannin kimiyyar kwamfuta. Ya karɓi lambar Lovelace a 2002 tare da Kesselman, da lambar Ken Kennedy a 2022. Amma ma'aunin yana da gurguwar ƙafa. Masanin da ya kwashe bayanansa cikin dare ta hanyar Globus ba lallai ne ya ambaci kowa a takardarsa ba, kamar yadda matafiyi ba ya tuna injiniyan da ya gina gada.

Akwai kuma masu ganin an zuzuta girid fiye da kima. Tun daga 2006, lokacin da Amazon ya fara ba da hayar kwamfuta ta intanet, 'yan kasuwa suka bi wannan hanya suka bar girid ga masana. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, kuma Foster da abokansa su ma sun sauya salo a 2010, inda suka mayar da Globus hidima da ake shiga ta shafin intanet.

Abin da ya fi jan hankali ya faru ne a farkon 2018, lokacin da aka daina tallafa wa tsohuwar manhajar Globus saboda ƙarewar kuɗin da ake kula da ita, alhali cibiyoyi masu yawa suna dogaro da ita. Sai da masu amfani da ita suka haɗa kai suka ci gaba da gyara ta, sannan cibiyoyin da ke aiki da CERN suka soma ƙaura daga GridFTP zuwa ƙa'idojin yanar gizo na yau da kullum. Hukumomin da ke ba da kuɗin bincike sun fi sha'awar sabon abu, kula da tsoho kuwa ba ya kawo wa kowa ƙarin girma.

Wannan matsala ba ta tsaya a Turai da Amurka ba. Ana gina katafaren na'urar hangen sararin samaniya ta SKA a Afirka ta Kudu da Ostireliya, kuma bayananta ta irin waɗannan hanyoyi za su bi. Jami'o'in Najeriya za su iya cin moriyarsu ne ta hanyar NgREN ta cikin gida da WACREN ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma su ma suna buƙatar kasafin kuɗi na kowace shekara da injiniyoyin da za a riƙe da albashi mai kyau.