Kafin ka fara ƙirƙirar manhaja, ka gwada matsalar sojojin nan

Yawancin matasan da ke son koyon kodin, tambayarsu ta farko ita ce wace manhaja za su ƙirƙira ta kawo kuɗi. Ban ga laifinsu ba. Amma ni a ganina, gara mutum ya fara ɓata dare ɗaya kan wata tsohuwar matsala da John Myhill ya kawo a 1957.

Ka ɗauka sojoji ne a jere, janar yana bakin layi. Kowane soja na damansa da na hagunsa kaɗai yake ji, bai san yawan mutanen layin ba, kuma abin da zai iya riƙewa a kansa kaɗan ne. Ana so duka su yi harbi lokaci guda, kada wani ya riga wani. A ilimin kwamfuta, sojojin ƙananan ɗakuna ne a jere, kowanne yana sauya hali bisa halin maƙwabtansa, abin da masana ke kira selula otomata.

Janar ba zai ce "ku harba" kawai ba, domin kafin umarnin ya isa ƙarshe na kusa sun daɗe da harbi. Dabarar ita ce ya aika saƙo biyu, ɗaya ya ninka ɗayan sauri sau uku. Mai saurin ya je ƙarshe ya dawo, sai su yi kiciɓis a tsakiyar layin. Wanda suka haɗu a kansa ya zama sabon janar, layi ya rabu biyu, a sake maimaitawa har kowa ya zama janar. Sai harbi.

Eiichi Goto ya samo hanya mafi sauri a 1962: sojoji 100, mataki 198. A 1987 Jacques Mazoyer ya cimma wannan saurin da hali 6 kacal ga kowane soja.

Wani zai ce wannan ba ya kawo ko sisi. Gaskiya ne, wayarka ma ba da wannan dabarar take saita agogonta ba. Sai dai ranar da ka gina manhajar hira ko wasan intanet, matsalar nan za ka tarar: saƙo yana ɗaukar lokaci a hanya, kuma babu wayar da ke ganin sauran duka. Wanda bai taɓa tunanin haka ba, laifin netwok zai yi ta gani.

Takarda da biro sun isa, ka fara da sojoji 7. In kuma kana jin kanka, har yanzu ba a san ko hali 5 zai wadatar ba.