Renon ƴan shekara 3 zuwa 5: doka ta ba da, aljihu ya hana

Kowace safiya, a Maraɗi ko Damagaram, a Tawa ko Yamai, tambaya guda ke gaban ma'aikaciyar gwamnati da ƴar kasuwa: wa za a bar wa yaro? Dokar aiki ta ba mai jego hutun mako 14, in ya ƙare sai ta koma bakin aiki. Ita kuwa mai sayar da kayan miya a bakin kasuwa, ko wannan hutun ba ta san da shi ba. Daga nan har yaro ya kai shekara 6 ko 7 a rubuta sunansa a lakwal, dabara ta rage ga uwa.

Alhali kuwa dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga watan Yuni 1998, wadda ta tsara ilimi a Nijar, ta sanya makarantar renon ƴan shekara 3 zuwa 5 cikin ilimin tushe, tare da firamare. An rubuta ta a zamanin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi, shekara 4 bayan karyewar darajar sefa ta 1994, sai aka yi wa mahukunta uzuri da rashin kuɗi. To, yau dokar ta haura shekara 25, yaran da aka haifa a shekararta sun zama iyaye, amma har yanzu ƙalilan ne daga ƴaƴan ƙasa ke taka ƙofar irin wannan makaranta, mafi yawansu a manyan birane.

Inda ta gwamnati ta yi ƙaranci, ta kuɗi ke cike gurbi. Sai a biya kuɗin rajista, a ɗinka tufafin makaranta, a ƙulla abincin tara, a sallami ɗan kabu-kabu safe da rana. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙanƙantar albashi, jika 42 tun 2024, ina zai kai da ƴaƴa biyu ko uku ƙanana a lokaci guda? A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa fiye da 7, wannan lissafi ne na kusan kowane gida.

Wanda ke biyan kuɗin a ƙarshe ba ya cikin lissafin kowa: ita ce ƴar fari, ko yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye don reno. Ita ke goyon ƙane, ita ke fashin lakwal ranar kasuwa, har wata rana a daina ganinta a aji. A 2017 gwamnati ta fitar da ƙuduri na kare karatun ƴa mace har ta kai shekara 16, amma yarinyar da ke da goyo a baya tun hantsi ba za ta amfana da shi ba.

Shi ma yaron ana cutarsa. Likitoci sun tabbatar cewa mafi yawan girman ƙwaƙwalwa yana kammala kafin shekara 5, kuma abinci, wasa da hira da manya su ne ke gina ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makarantar reno wuri ne da za a auna yaro, a gano tamowa da wuri, a duba katin rigakafi, a koya masa lissafi da waƙa cikin harshen uwa. Makarantar allo na da nata aiki mai daraja, ba wanda ya ce a taɓa ta. Amma ba a kafa ta don riƙe ɗan shekara 3 daga safe har azahar ba.

Maganin bai fi ƙarfin ƙasa ba. Hukumomin gari da ke karɓar harajin kasuwa kullum, su keɓe ɗaki guda mai inuwa, ruwa da makewayi a kowace babbar kasuwa. Ma'aikatar ilimi ta buɗe aji guda na reno a harabar kowace firamare, ta horar da matan unguwa, ta biya su, ta sa ido kan masu zaman kansu. Kuɗin da za a nema daga iyaye ya zama sananne, a liƙa shi a ƙofa, kada ya wuce ƙarfin talaka.

Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN sun saba kai kukan albashi gaban mahukunta. Ya kamata su sa renon yara cikin jerin buƙatunsu. Manyan ƴan kasuwa kuma, da ke gina masallatai da haƙa rijiyoyi don neman lada, su tuna cewa ɗakin da zai riƙe yara 40 ya mai da yayyinsu mata aji, shi ma sadaka ce mai gudana.